Kunyar Suruki a Jirgin Lawban Fong

Ku duka kun tashi da labarin jirgin ruwa a kunnenku, amma irin wanda kakanku Alhaji Mamman Damagaram yake bayarwa. A nasa labarin, iska ta taso a tekun Sin, mai jirgi ya rikice, matarsa ta fashe da kuka, ni kuma ubanku na sume a gindin buhun shinkafa. Shi kaɗai ya kama sitiyari da hannu ɗaya, carbi a ɗayan, har ya kai mu gaɓa. Kowace sallah sai igiyar ruwan ta ƙara tsawo, sumata kuma ta ƙara nisa. Kun yi mini dariya, 'ya'yanku ma sun yi, ban taɓa musawa ba. Yanzu Allah Ya karɓi abinSa, kuma shi da bakinsa ya sake ni kafin ya tafi, don haka ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

A ƙarshen shekarun casa'in mu baƙaƙen fata 'yan kaɗan ne a Guangzhou. In ka hango mai hula a titin Xiaobei, ko ba ka san shi ba sai ka tsallaka ka yi masa sallama. Ni ina sayen ɗinkakkun kaya a kasuwar Baima ina aikawa Kano, shi kuma Alhaji Mamman shadda yake sarowa ya kai Damagaram. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma kun san tsakanin Bakano da Badamagare babu girma, wasa ne tun na kakanni. Kwano ɗaya muke sa hannu a wani ɗan shagon Musulmin Sin masu jan taliya da hannu. Ya ce mini Bakano mai cin rani, in ce masa ya ci a hankali, ba a Damagaram yake ba, abincin ba zai ƙare ba. Yakan sace naman gabana ina kallo, ni kuma in ɓoye masa takalmi. Haka muke har shekarar da ya ba ni saƙo in kai gidansa, na tarar da 'yarsa Ramatu a shago tana auna yadi tana yi wa wani dillali faɗa. Wannan ita ce uwarku. Na je da niyyar kwana ɗaya, na yi ta ƙirƙiro dalilin ƙara kwana har masu masaukina suka gane. Da na koma Kano na tura magabatana. Alhaji ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce ya ji, amma sai ya dawo daga tafiyar Sin zai ba da amsa.

Daga ranar wasa ya mutu. Da muka haɗu a Guangzhou a kakar nan, na hango shi daga nesa, ƙafata da kanta ta cire takalmi. Na durƙusa a bakin titi, 'yan Sin masu kekuna suna kewaye ni suna kallo.

"Barka da sauka, Alhaji."

"Yawwa, Malam Garba. An zo lafiya?"

Malam Garba! Mutumin da bai taɓa kirana da komai ba sai Bakano. Ku 'yan yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo, ba za ku gane ba. A tarbiyyarmu, wanda kake neman 'yarsa ba ka cin abinci a gabansa, ba ka shan ruwa yana gani, ba ka kwana ɗaki ɗaya da shi, ba ka ma bari ya san kana da ciki irin na mutane. Shi ma haka zai yi maka. A gari wannan ba wuya, in ya shiga shagon taliya sai in bi ta gaba. Ban san Allah Ya shirya mana wurin da babu ta gaba ba.

Mai masaƙar da ke yi wa Alhaji shadda, wani gajeren mutum ne mai fara'a, muna ce masa Lawban Fong, wato maigida Fong. Yana da wani jirgin ruwa da yake so kamar ɗansa, irin wanda ba inji ke tura shi ba sai iska, da manyan ƙyallaye da ake ɗagawa a jikin doguwar sanda. Shaddar Alhaji ba za ta fito ba sai bayan makonni, sai Lawban ya ce maimakon zaman otal, ya zo su bi gaɓar teku a hankali har tsibirin Hainan. Mai hankali zai yi godiya ya ƙi. Kakanku kuwa ya buga ƙirji.

"Ni da na ƙetare hamadar Tenere a saman kamyo, babbar motar kaya, ƙishirwa ba ta kashe ni ba, ruwa ne zai ba ni tsoro? A gaya masa bato ɗin nasa, jirgin nan, ya shirya."

Matsalar ita ce Alhaji Faransanci yake ji, Lawban kuma guntun Turanci, babu mai haɗa su sai ni da nawa guntun. Alhaji ya aiko a gaya mini, ta bakin wani, cewa in babu takura Malam Garba ya raka shi. Wa zai ce akwai takura? Na je gidan waya na buga Damagaram, na samu uwarku. Na yi tsammanin za ta tausaya mini.

"Ka iya ruwa?" ta tambaye ni.

"Ko a kududdufi ban taɓa shiga ba."

"Shi ma haka. To ka ji, babana yana da taurin kai, kuma ba ya faɗin ciwo. Ka dawo mini da shi da ƙafarsa. Sauran magana kuma tsakaninku ce, ni na riga na faɗi nawa."

Jirgin da na gani a bakin kogi ya fi ƙarfin a kira shi kwalekwale, amma bai kai zauren gidan nan ba. Mu huɗu ne: Lawban, matarsa Madam Fong wadda ita ce mai girki kuma ita ce ainihin mai ba da umarni, sai Alhaji, sai ni. A ciki akwai ɗaki ɗaya mai gadaje sirara, tebur ɗaya da in kun zauna gwiwoyinku na gogar juna, da makewayi wanda ƙofarsa ba ta fi faifai kauri ba. Wannan makewayi ba a kora shi sai da famfon hannu, famfon kuwa yana da kuka irin na tsohon jaki, duk jirgin sai an san wane ne ya shiga da kuma daɗewar da ya yi. Da na ji kukansa na farko na san na shiga uku. Alhaji shi ma ya ji, na ga ya kalli sama yana jan carbi. Abin da ya fara yi a jirgin shi ne ya murza ƙyallen iskar da yatsunsa, ya yanke hukunci cewa yadin yana da ƙarfi amma ba zai ɗinku ba.

Mun bi kogi muka wuce masana'antu da gonakin ayaba, ruwan yana ta faɗi har gaɓa ɗaya ta ɓace. Ban ɓoye muku ba, akwai daɗi. In an kashe ɗan injin da ake barin gaɓa da shi, aka ɗaga ƙyallen nan iska ta cika shi, sai jirgin ya karkata ya shiga tafiya shiru, ba ka jin komai sai ruwa yana shafa katako. Amma jirgin iska ba ya tafiya miƙe. Ya nufi dama, can sai Lawban ya yi ihu, a saki wannan igiya a ja waccan, wata sanda ta kwance ta taso daga gefe ɗaya ta share saman jirgin zuwa ɗayan. Wanda bai sunkuya ba ya ji a ƙeyarsa. Alhaji ba mutumin da ke sunkuya wa ihun wani ba ne, saboda haka a yinin farko sandar ta ɗauke masa hula ta jefa a teku. Dattijo kai babu hula a gaban mai neman 'yarsa! Na juya na zuba wa ruwa ido kamar an ba ni aikin ƙirga kifi, har sai da na tabbata ya naɗa tawul. Salla ma haka. Mu yi kabbara muna fuskantar alƙibla, kafin mu kai ruku'u Lawban ya juya jirgi. Ina tsaye a daman Alhaji kafaɗa da kafaɗa, jirgi ya karkata, liman da mamu mu tafi tare mu zube a kan igiyoyi. Mu tashi mu ci gaba, bayan sallama kowa ya kalli nasa gefen, babu wanda ya taɓa tayar da zancen.

Abinci shi ne babbar fitina. A al'adarsu, mai gida yana zuba wa baƙo da hannunsa, yana tsaye a kansa har ya ga ya cinye, in bai ci ba an ci mutuncin gidan. Madam Fong ta jera kifi da shinkafa da ganye, ta tafa hannu tana cewa "Cifan, cifan!" wato a zo a ci. Alhaji ya ce Malam Garba ya fara, shi ya ƙoshi. Na ce Alhaji ya fara, ni ma na ƙoshi. Muka zauna muna kallon kifi, kifi yana kallonmu. Madam ta ɗauka tukunyarta muke ƙyama.

"Alade meyo! Meyo!" take ta faɗi tana nuna mana cikin tukunya, wato babu ko ɗigonsa.

A garin masunta na farko da muka tsaya, baiwar Allah nan ta sauka ta sayo sabbin tukwane da sabbin cokula, ta wanke su a gabanmu. Muka ce shiye-shiye, wato mun gode, muka sake ƙin ci. Na ga ta juya baya tana share ido da gefen riga, abin ya tsaya mini a rai. Na ja Lawban gefe na yi ƙoƙarin yi masa bayani da guntun Turancina. Ya saurara har ƙarshe, ya kalle ni, ya kalli Alhaji.

"Kana son 'yarsa, shi ya sa ba ka cin abinci?"

"E."

"Shi kuma yana son ya ba ka, shi ya sa ba ya ci?"

"Wannan ban sani ba tukuna."

"In kun mutu duka, wa zai aure ta?"

Dabarar da na yi ita ce, in an jera abinci sai in ɗauki ƙafa in tafi can hancin jirgi, bayan ƙaramin ƙyalle, in juya baya, don Alhaji ya samu sarari. Madam ta gane, takan biyo ni da kwano a ɓoye, in haɗiye kamar ɓarawo, ruwan gishiri yana fantsamo mini. A can nake kwana ma, a kan igiyoyi. Na ɗauka na warware matsala. Abin da ban sani ba, ko na ba shi sarari Alhaji ba ya ci. Tun da muka fita teku jiri ya kama shi, cikinsa yana juyawa, kuma ya lissafa cewa in ya ci zai amayar, in ya amayar zan ji, in bai amayar ba zai buƙaci famfon nan mai kukan jaki. Sai ya zaɓi ya zauna da yunwa. Dabino ɗaya da kurɓin ruwa, shi ke nan yininsa. A kowane gari muka tsaya akwai motar da za ta mai da mutum Guangzhou, Lawban kuma yakan tambaya ko akwai mai son sauka.

"Sai dai ko Malam Garba ya gaji," in ji Alhaji, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka.

"Ni lafiyata ƙalau, sai dai ko Alhaji."

"Bon. A ci gaba."

Haka muka yi ta wuce tsibirai da garuruwan masunta, mutum biyu kowa yana roƙon Allah ɗayan ya fara cewa ya isa.

Iskar da kakanku yake ba ku labarinta ta zo da hantsi. Iskar gaskiya ce, wannan kam bai ƙara ba. Sama ta yi duhu, ruwa ya riƙa ɗaga jirgin yana dukansa da ƙasa, tukwanen Madam sababbi suna yawo a cikin ɗaki. Lawban yana kan sitiyari ya ɗaure kansa da igiya, Madam tana fama da ƙyalle tana rage shi, babu mai kuka a cikinsu, aikinsu suke yi. Aka ce mu baƙi mu shiga ciki. Na rakuɓe a gindin buhun shinkafa, wannan ma gaskiya ne, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Can na ga Alhaji ya miƙe yana dafa bango, ya shiga makewayi ya ja ƙofa. Na toshe kunnuwana don in ba shi haƙƙinsa. Jirgi ya yi wani irin tsalle, na ji abu mai nauyi ya faɗi, daga nan shiru. Na jira kukan famfo, ban ji ba.

"Alhaji?"

Na matsa jikin ƙofar.

"Baba?" Ranar na fara kiransa haka.

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Malam Garba, kada ka shigo. Na haɗa ka da Allah."

Ina so ku fahimci inda na tsaya. Na san mutumin nan. Zai iya yafe wa wanda ya cuce shi a kasuwa, amma wanda ya gan shi a halin da nake zaton yana ciki, ba zai ƙara son haɗa ido da shi ba har abada, balle ya ba shi 'ya ya riƙa ganinsa kowace sallah. In na buɗe ƙofar nan, na buɗe ta a kan aurena. In ban buɗe ba, ga dattijo a ƙasa, kwana da kwanaki babu abinci, kuma babu mai hannun taimaka masa sai ni. Na ji tsoro, na ji haushin kaina da haushinsa, har hawaye ya zo mini. Sai maganar uwarku ta faɗo mini, cewa in dawo mata da shi da ƙafarsa. Ba ta ce in dawo da kunyata ba. Na sa kafaɗa na ɓalle ƙofar.

Ba zan bayyana muku abin da na tarar ba, kakanku ne. Ya fashe goshi, jikinsa ya saki, kuma duk abin da ya yi kwanaki yana riƙewa ya ƙi riƙuwa. Na cicciɓe shi, ashe babban mutumin nan ya zama ba nauyi. Na wanke shi da buta, jirgi yana wurgi da mu, na ɗaure masa goshi, na sa masa rigata da wandona domin jakarsa ta jiƙe. Tun da na shigo ya rufe ido gam, bai buɗe ba, wai shi a dole in bai gan ni ba ban gan shi ba. Da iska ta lafa wajen la'asar, Madam ta sauko ta leƙa, ta dama kunun shinkafa irin nasu mai ɗan gishiri da citta, ta miƙo mini kwano da cokali. Na tallafo kansa na kai cokali bakinsa. Ya datse leɓe.

"Baba, ni ma idona a rufe yake," na ce masa.

Ƙarya nake yi, shi ma ya san ƙarya nake yi, amma ya buɗe baki. Ya shanye kwanon tas, Madam ta ƙaro, tana murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba tun da muka hau jirgin.

Daga nan har Hainan bai ƙara yi mini magana ba. Yana ci, yana samun ƙarfi, amma in na ɓullo ta dama sai ya kalli hagu. Muka dawo Guangzhou ta mota ba uffan. Na sallama, na fara shirya yadda zan gaya wa magabatana su haƙura. Ranar Juma'a bayan masallaci aka aiko wai Alhaji yana kirana a shagon taliya. Na tarar an kewaye shi, 'yan Maraɗi da 'yan zangon Kumasi da mutanenmu, yana tsakiyar labari, hannu ɗaya a sitiyarin da babu, ɗayan riƙe da carbi.

"Ga shi nan ma, ku tambaye shi! Bakano, da iska ta taso, ba a gindin buhu ka sume ba?"

Bakano. Kowa ya zuba mini ido, shi ma a karon farko ya kalle ni, kuma na ga roƙo a idon nan.

"Haka aka yi, Alhaji. Ban farfaɗo ba sai da kuka kai mu gaɓa."

Aka bushe da dariya, wani har da faɗowa daga benci. Da aka watse ya tsayar da ni a bakin ƙofa, yana kallon titi.

"Na yi tunani. Bakano da baki, kuma ya ga abin da ya gani, barin shi a waje haɗari ne. Gara a shigo da shi gida inda za a sa masa ido. Ka ce wa mutanenka su zo. Amma muddin ina numfashi, labarin bato nawa ne."

Wannan shi ne sadakin da na biya na gaske, kuma na yi ta biyansa kowace sallah a gabanku. Uwarku ba ta taɓa shiga dariyar ba, in kun lura. Ta gaya mini daga baya cewa tun ranar da ta kwance jakarsa ta ga rigata a ciki, an ninke ta a ƙasan kaya, ta san ba ni ne na suma ba. Rigar kuwa bai taɓa mayar mini ba. Kunyar surukuta ta dawo daram bayan biki, shekara da shekaru ban ƙara ganin ya kai loma baki ba, shi ma bai ga tawa ba.

A ciwonsa na ƙarshe, da muka ɗauko shi muka kawo shi gidan nan, kun tuna ya ƙi abinci. Uwarku ta yi lallashi, likita ya yi faɗa, ya kafe. Wata safiya ya ce kowa ya fita, a kira masa Malam Garba. Na shiga na durƙusa daga nesa kamar kullum.

"Matso, Bakano. Ka iya dama kunun nan na Madam?"

Na shiga kicin da kaina, abin da ya ba ku mamaki ranar, na dama shi da ɗan gishiri da citta. Na tallafo kansa, ya sake zama ba nauyi. Na ce masa idona a rufe yake.

"Buɗe abinka," ya ce. "In na tafi ka gaya wa yaran nan gaskiya. Amma ka bar mini iskar, iskar kam an yi ta."

Ya sha cokali bayan cokali har ya ga ƙasan kwano. Wannan karon idonsa a buɗe yake, yana kallona.